Akwatin Saƙo Tsakanin Masarrafai: Tun Ran Gini Ake Zane

Yawancin na'urorin zamani, tun daga wayar hannu har zuwa injin mota da mitar wutar lantarki, suna ɗauke da ƙaramar kwamfuta da aka dasa a cikinsu domin wani keɓantaccen aiki. A da, masarrafi ɗaya kan wadatar da irin wannan kwamfuta. A yau kuwa, akan tarar da masarrafai biyu ko fiye a kan guntun silikon guda, kowane da halinsa. Alal misali, guntun STM32MP1 da kamfanin STMicroelectronics ya fitar a 2019 ya haɗa Cortex-A7, mai ɗaukar manhajar Linux, da Cortex-M4, mai kula da ayyukan da ba su jure jinkiri, kamar juya injin lantarki. Tunda rufi ɗaya ya haɗa su, dole su yi magana da juna, kuma kafar maganar ita ce 'yar na'urar da injiniyoyi ke kira akwatin saƙo. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, saita akwatin nan aiki ne da ya cancanci a fara da shi, a kuma rubuta ƙa'idojinsa a wuri guda, maimakon barinsa sai ƙarshen aiki kamar yadda akan yi.

Sunan kansa yana da ruɗarwa. Wanda ya ji "akwati" zai zaci wurin zuba kaya ne, alhali aikinsa ya fi kama da sallama a ƙofar zaure. Akwatin da ke cikin STM32MP1, wato IPCC, yana da layuka 6, amma ba ya ɗaukar bayani ko ƙanƙane. Tuta kawai yake ɗagawa mai nuna cewa layi ya cika ko ya zama fanko. Na guntayen i.MX na kamfanin NXP yana da gurabe 4 na aikawa da 4 na karɓa, kowane mai bit 32, wato bayit 16 ke nan a kowace fuska, abin da bai isa ɗaukar gajeriyar jimla ba. Ainihin kayan, a rumbun tarayya ake ajiye su, wato wani yanki na ma'adanar bayanai da masarrafan biyu ke iya shiga. Akwatin yana sanar da maigida ne cewa an kawo kaya.

Kwamfutar Raspberry Pi, wadda ta fara fitowa a 2012 da guntun BCM2835 na kamfanin Broadcom, ta isa misali. A cikinta masarrafin hoto, VideoCore, shi ke fara farkawa, sannan ya tayar da masarrafin ARM. Idan ARM na neman a ba shi fuskar allo ko a faɗa masa zafin guntun, sai ya rubuta buƙatarsa a rumbu, sannan ya jefa saƙo mai bit 32 a akwati. Bit 4 na ƙasa su ne lambar layi, sauran 28 kuma adireshin buƙatar. Wannan rabo ne ya wajabta cewa adireshin ya kasance lambar da 16 ke rabawa ba saura. Duk wanda ya saɓa wa wannan sharaɗi, wutsiyar adireshinsa za ta cakuɗe da lambar layi, saƙon da aka nufa da layi na 8 ya faɗa wani layin. Babu kuma wanda zai yi masa gargaɗi. Shiru kawai zai ji.

Wannan shirun shi ne tushen matsalar. Akwatin saƙo bai san ma'anar abin da ya ɗauka ba, don haka duk ma'ana tana cikin yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka ƙulla. Da farko, sai sun yarda a kan layin kowane irin saƙo, da inda rumbun tarayya ya fara da inda ya tsaya. Na biyu, sai an kiyaye jerin aiki. Babban masarrafi yana da 'yar ma'ajiya ta kusa da yake tara rubutunsa kafin ya kai rumbu, yana kuma iya sauya jerin rubuce-rubucensa domin sauri. Idan ba a tilasta masa ya juye kayan a rumbu kafin ya yi sallama ba, abokinsa zai fito ya kwashi tsohon bayani yana zaton sabo ne. Na uku, sai an fayyace lokacin sauke tuta. Idan mai karɓa ya sauke ta kafin ya gama karatu, mai aikawa zai rubuta sabon saƙo a kan wanda ake karantawa. Idan kuwa ya manta bai sauke ba, layin ya toshe ke nan. Na huɗu, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne abin da ɗaya zai yi idan ɗayan bai farka ba tukuna ko ya sume a tsakiyar aiki. Jiran da ba a yanka masa wa'adi ba yakan sa na'ura ta sandare gaba ɗaya.

Akwai masu ganin cewa wannan damuwa ta zama tsohon yayi. Hujjarsu ita ce, tun daga fitowa ta 3.18 a 2014 Linux ya samu tsari na bai-ɗaya domin akwatunan saƙo, ga kuma OpenAMP da RPMsg da ke ɗauke wa injiniya mafi yawan wahala. Hujjar tana da ƙarfi, domin waɗannan manhajoji sun rage kurakurai ƙwarai. Sai dai kowace da iyakarta. Linux yana karanta lambar layi da adireshin rumbu daga fayil ɗin da ake kira bishiyar na'urori, ƙaramin masarrafi kuma yana samun nasa daga wasu fayiloli dabam, waɗanda sau da yawa wata ƙungiya ce ta rubuta su. Kowane ɓangare na iya haɗuwa lafiya, ya ci gwajinsa shi kaɗai, alhali lambobinsu sun saɓa. Ba aikin manhaja ba ne ta sasanta mutanen da ba su zauna sun yi magana ba.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, kuskuren jerin aiki ba kullum yake bayyana ba. Na'ura na iya yin kwanaki a ɗakin gwaji ba ta nuna komai ba, sai ta isa hannun mai amfani, a cikin famfon ban-ruwa ko kayan asibiti, sannan ta tsaya, a kashe a kunna ta ci gaba kamar ba a yi ba. Gano irin wannan ciwo bayan an sayar da dubban na'urori ya fi rubuta takarda mai shafi biyu tsada nesa ba kusa ba.

Saboda haka, ya kamata yarjejeniyar akwatin saƙo ta zama takarda ɗaya wadda ɓangarorin biyu ke ɗibar lambobinsu daga gare ta, a kuma sa mata lambar fitowa da masarrafan za su gwada a gaisuwarsu ta farko, su ƙi ci gaba idan ta bambanta. Haka nan, masu koyar da wannan fanni a jami'o'i su sa ɗalibi ya saita akwati da hannunsa, ya ga yadda saƙo ke ɓata, kafin a miƙa masa manhajar da ke ɓoye masa aikin.