MUSABAƘA: KADA KYAUTA TA SHAGALTAR DA MU

 

Tun daga shekarar 1986, lokacin da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, ilmin tajwidi ya shiga birni da ƙauye, har 'ya'yanmu mata suka riƙa haddace izu sittin. Wannan alheri ne da babu mai musunsa.

Sai dai kuma, 'yan'uwa, akwai abin da ke damunmu a makarantunmu na Islamiyya. Da zarar musabaƙa ta ƙarato, sai malami ya ware ɗalibai uku ko huɗu masu zaƙin murya, ya duƙufa a kansu safe da yamma, sauran ajin kuwa a bar su a hannun monita da bulala. Wata biyu cur ana haka! Idan an ciyo kyauta a yi walima, a yi ta kiran sunan makaranta a lasifika. Wanda bai ci ba kuwa, ko sannu babu mai ce masa. To, ina ikhlasi a nan? Yaron da aka saba masa da tilawa domin babur ko kujerar Makka, ranar da babu kyauta me zai zaunar da shi ga muraja'a?

Muna kira ga shugabannin makarantu da su kafa halƙa duk ranar Alhamis, tun da babu karatu, a buɗe ta ga kowane ɗalibi. Babba ya saurari ƙarami ya gyara masa makhraji, sannan a tambayi kowa ma'anar abin da ya karanta da Hausa. Daga cikin wannan halƙa za a fitar da wakilan makaranta, malamin aji kuma ya ci gaba da darasinsa.