Darasin Inzayim Ba Ya Jiran Ɗakin Gwaji

Malamin bayoloji a makarantar karkara, daga Badafi ta ƙasar Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, in ya yi kukan rashin kayan gwaji yana da gaskiya. Amma wannan uzuri bai kai ga darasin inzayim ba, domin kayan aikin suna rataye a bishiyar gwandar da ke bayan gida.

In aka tsaga ɗanyar gwanda, wani farin ruwa kamar nono yakan tsattsafo. A cikinsa akwai fafayin, inzayim mai narkar da furotin, wanda masanan Faransa biyu, Wurtz da Bouchut, suka raɗa wa suna a 1879. Shi ne ke sa nama mai tauri ya yi laushi in aka naɗe shi a murzajjen ganyen gwanda.

Furotin kamar carbi yake, an tsira shi da ƙwayoyin amino asid iri 20. Fafayin ba ya sara inda ya ga dama. A jikinsa akwai wani kwarmi da carbin ke kwantawa, kuma a 1967 Schechter da Berger suka nuna cewa kwarmin yana ɗaukar ƙwayoyi bakwai a lokaci guda, huɗu a gefe ɗaya na wurin yanka, uku a ɗaya gefen. Gurbi na biyu daga wurin yankan shi ne mai yawan zaɓe, ya fi son ƙwaya babba mai gudun ruwa, irin su fenilalanin. In ta zauna daram, sai sistin na 25 a jikin fafayin, da taimakon histidin na 159, ya tsinke igiyar.

A nan ne hadda take cutar ɗalibi. An tusa masa misalin kuba da mabuɗi, wanda Emil Fischer ya kawo a 1894, har ya ɗauka kowane inzayim abu ɗaya tak yake taɓawa. Alhali fafayin yana narkar da furotin ɗin nama da na madara da na ƙwai. Ba ruwansa da sunan abincin, jerin ƙwayoyin da ya dace da kwarminsa yake nema.

To, me ya hana shi cinye gwandar kanta? Tsiron yakan ƙera shi da wani guntun furotin da ke toshe kwarmin, ya ajiye shi cikin jijiyoyin nono. Sai an ji wa gwandar ciwo toshiyar take fita, ruwan ya zama makami a kan tsutsotsi masu cin ganye.

Gwajin kofi uku kawai yake buƙata, kowanne da ɗan yankan farin dafaffen ƙwai. A zuba wa na farko ruwa zalla, na biyu ruwa da ɗanyen nonon gwanda, na uku ruwa da nonon da aka tafasa sosai, a bar su su kwana. Na biyun ne zai zaizaye, domin tafasa tana wargaza siffar kwarmin. Wani zai ce manhajar jarrabawa ba ta bar lokacin wannan ba, amma aikin bai wuce minti goma na ƙarshen darasi ba. Sai dai malami ya kula, nonon gwanda yana cin fata, kada a bari ya kusanci idon ɗalibi.