Ra'ayinmu: Wanda Aka Hana Haya Don Asalinsa Yana da Inda Zai Kai Kuka

A farkon wannan zangon karatu aka yi wa wata malama daga cikinmu canjin wurin aiki zuwa wata makaranta mai nisa da unguwarsu. Mijinta ya rasu, ya bar ta da yara uku. Ta sami ciki da falo kusa da makarantar, aka yi ciniki da dillali, har ta ba da kafin alƙalami. Da mai gidan ya ji ba ta da miji, sai ya aiko mata da kuɗinta, ya ce gidansa ba na mata marasa aure ba ne. Har yau mota biyu take shiga kafin ta isa aji, kuma kuɗin motar daga bakin marayun nan yake fita.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai malamin da aka tambayi garinsu kafin a faɗa masa kuɗin haya, da wanda aka ji sunansa aka gane addininsa sai ɗakin ya zama "an riga an kama", da wanda aka hango shi a keken guragu aka ce gidan ba zai yi masa ba. A garuruwa irin su Kaduna da Jos, inda rikicin 2000 da na 2001 suka raba unguwanni, abin ya zama jiki har ba a ganinsa laifi. Mu kuwa malamai ba mu ke zaɓen inda za a tura mu ba. Idan malami bai sami matsuguni kusa da makaranta ba, ɗalibansa ne ke fara biyan farashin makararsa.

Ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya game da doka. Najeriya ba ta da doka guda ta tarayya da aka keɓe don hana wariya a harkar haya. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa, ko asalinsa, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, amma lafazinsa ya fi fuskantar dokoki da ayyukan gwamnati. Saboda haka ƙarfinsa ya fi bayyana idan gidan na hukuma ne, kamar gidajen ma'aikata ko rukunin gidajen gwamnati. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya so a cikin ƙasar, sashe na 46 kuma ya ba wanda aka take wa haƙƙi damar zuwa Babbar Kotun jihar da abin ya faru. Ga masu naƙasa, dokar 2018 da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta fito fili: ta haramta wa kowane mutum ko hukuma nuna musu wariya, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani. Akwai kuma dokar 2014 mai kare masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Ke nan ƙofa ba a buɗe take warai ba, amma ba a rufe take ba.

Wanda abin ya same shi, farkon aikinsa shi ne riƙe hujja. Tun a ranar ya rubuta kwanan wata, da wurin, da ainihin kalmar da aka faɗa masa, da wanda ya faɗa. Ya adana rasit, da saƙonnin waya, da tallar gidan idan an yi. Kada ya je neman gida shi kaɗai. Ya tafi da wanda zai iya tsayawa shaida. Idan an ce ɗaki ya kamu, sai wani abokin aiki ya koma ya tambaya bayan kwana biyu. In aka ce masa ɗakin yana nan, to an sami hujjar da ta fi dogon bayani.

Daga nan sai a fara da sulhu, domin shi ya fi sauri, kuma shi ya fi dacewa da mutanen da za su yi maƙwabtaka. Sakataren reshe ya raka malami wurin mai unguwa ko dagaci. Sau da yawa mai gida tsoro ne ke damunsa, ba ƙiyayya ba, kuma idan ya ga dattawa da ƙungiya sun tsaya wa mutum yakan sauko.

Idan sulhu ya ƙi, sai a rubuta takardar koke zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, take kuma da ofisoshi a jihohi. Ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai da lauya ba. A sa sunan mai koke da adireshinsa, da na wanda ake ƙara, da abin da ya faru bi da bi, da abin da ake nema, a haɗa da kwafin hujjoji, a riƙe na asali a gida. A nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi. Gyaran da aka yi wa dokar hukumar a 2010 ya ba hukuncinta ƙarfi irin na Babbar Kotu. Idan wata ma'aikata ce ta yi wariyar, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke aiki tun 1975, ita ma hurumin ta ne. Mai naƙasa yana da hukumar ƙasa ta masu naƙasa. Wanda zai je kotu ba shi da kuɗin lauya, ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, mata kuma suna da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Wanda yake cikin gida aka so a kore shi don irin wannan dalili, shi ma ya san matsayinsa. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, ko kware rufi, ko watso kaya waje. Kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya. In babu wata yarjejeniya a rubuce da ta ce akasin haka, abin da aka saba a dokokin haya shi ne notis na wata ɗaya ga mai biya wata-wata, da na wata shida ga mai biya shekara-shekara, sannan na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Sai dai kada ɗan haya ya daina biya don fushi, domin bashi yana rushe hujja.

Laifi tudu ne. Mai gida yana da haƙƙin ya tambayi yadda za a biya shi, da yawan waɗanda za su zauna, da wanda zai tsaya wa ɗan haya. Wanda ya ƙi malamin firamare don tsoron jinkirin albashi ya ɓata mana rai, amma maganin wannan yana wurin masu riƙe albashinmu, kuma can za mu ci gaba da kai gwagwarmaya. Haka nan a cikinmu akwai waɗanda Allah ya hore wa ɗaki ɗaya ko biyu suna bayarwa haya. Wanda ya wuni yana koya wa yara cewa 'yan ƙasa ɗaya ne, bai kamata da yamma ya tambayi mai neman ɗaki ƙabilarsa ba.

Muna kira ga shugabannin reshe da su buɗe littafin rubuta irin waɗannan koke-koke, su naɗa mutum biyu, mace da namiji, masu raka membobi, su kuma riƙa ba malamin da aka yi wa canji takardar shaida da zai nuna wa mai gida. Koke ɗaya ana iya kau da kai daga gare shi. Koke ashirin a kan hatimin ƙungiya ba a iyawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malamar nan ta ce ta bar wa Allah. Haƙuri abu ne mai kyau, amma neman haƙƙi bai saɓa masa ba, kuma shirun yau wata ce za ta biya shi gobe. Muna roƙon ta, da duk mai irin labarinta, su zo ofishin reshe mu rubuta. Allah ya ba kowa matsuguni na mutunci, amin.