Ramin doya da yaran gidanmu

Yaron da ya tashi a gidan ɗan kasuwa a ƙasar da ba tasa ba yana da wata matsala da mu ba mu sani ba. Mu da fartanya a kafaɗa muka yi wayo. Shi kuwa a shago ya buɗe ido, yana ganin kuɗi na shiga aljihun tebur suna fita, sai ya ɗauka haka nan suke zuwa. Ba laifinsa ba ne, gona ce babu.

Shi ya sa bana na ce ni da yarana uku za mu haƙa ramin ajiyar doya a bayan gida, nan Ngaundere. Doyar Mbe tana cika kasuwa daga Nuwamba zuwa Disamba, araha kamar a ce ɗauki, amma kafin damina ta sauka kuɗinta ya tashi. Wanda ya iya ajiya shi ke cin ribar.

Uwargida ba ta so ba. “Haba Alhaji, lebura nawa zai karɓa da za ka sa yara cikin jar ƙasa?” Gaskiya ta faɗa, lebura yini ɗaya zai gama. Mu kuwa kwana biyar muka yi cikin hutun makaranta na ƙarshen shekara, kullum daga bayan asuba zuwa hantsi, rana na yin zafi mu ajiye.

Ga mai son gwadawa, wuri ne farkon abin dubawa: tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da masai, in da hali ƙarƙashin inuwar mangwaro. Zurfin kada ya wuce mita ɗaya. Wannan ba don doya kaɗai ba, rami mai zurfi yana iya ruftawa, kuma ban yarda yaro ya shiga ramin da ya wuce ƙugunsa ba. Ni na riƙe diga, babban ya riƙe shebur, ta tsakiyar tana tura baro, auta kuma aka ba shi kwano yana kwasar tsakuwa, rabi a kwano rabi a rigarsa.

Mun shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, muka jera doyar ba tare da an danne ta ba, muka kafa gora mai huda a tsakiya, sannan muka yi jinka a sama. Mutane suna mantawa doya rayayya ce, numfashi take yi. Ka toshe mata iska ta yi gumi ta ruɓe. Duk wadda ta ji rauni mun shafa mata toka mun ware ta don tukunya. Rogo kam kada ma a fara, kwana biyu zuwa uku da tono ya soma baƙi.

Abin da na fi so iyaye su ji shi ne maganar lada. Ko sefa ɗaya ban ba su ba ranar da aka gama. Doya na ba su, kowa goma, aka yi wa ta kowa alama da gawayi, na ce sai Maris za a sayar. In ka biya yaro nan take, lebura ka koya masa. Ni ɗan kasuwa nake so ya zama, wanda ya san akwai jira tsakanin wahala da riba. Kowace Asabar su ke buɗe ramin, su karya tsiro, su duba gara da ɓera. Makon da babban ya tafi ƙwallo bai duba ba, ɓera ya ci masa biyu. Ya zo yana cika yana batsewa.

“Baba, ai za a maya mini ko?”

Na ce a’a. Uwarsa ta harare ni, ban canja ba.

Mun kwashe komai tsakiyar Maris, don ruwan farko na shiga rami an yi asara. Ta tsakiyar ta sayar da tata ta sayi takalmin makaranta da kanta, auta ya ce a soya masa tasa da ƙwai. Babban ya sayar da takwas ɗinsa, ya kawo mini kuɗin ajiya, wai baɗi rami na biyu zai haƙa kuma da kuɗinsa zai sari doyar.