Yawan Megapixel Ba Zai Gyara Maka Hoto Ba

Jama'ar Ikara, Maƙarfi da Kudan, mu gaya wa juna gaskiya. Da zarar hoto ya fito a karkace, sai mai shago ya ce maka ai sai ka sayi mai 108MP. Kai kuma ka sayar da buhunan masara ka canja waya. Wannan asarar kuɗi ce kawai! Megapixel yawan ɗigon hoto ne, ita kuwa matsalar daga gilashin kyamara take.

Duba da kanka. Ka ɗauki tarin rake a kasuwar Maƙarfi da 0.5x, za ka ga na gefe ya miƙe ko ya lanƙwashe. Haka hoton biki: wanda ke ƙarshen layi fuskarsa ta yi faɗi kamar faifai. Ka ɗauki bishiya da tsakar rana, za ka iya ganin layi shuɗi ko ruwan goro a bakin ganye, don gilashin bai tara launuka a wuri guda ba. Wani lokaci kuma kusurwoyin hoton su yi duhu.

Masu lafta filta, ku ma da ku nake. Filta launi take canjawa, ba ta miƙe bangon da ya karkace.

Ga abin yi:

1. Goge gilashin da ƙyalle mai laushi kafin ka ɗauka. Maiƙon yatsa da ƙurar hunturu su ke sa hoto hazo.
2. Hoton mutane, ka bar 0.5x. Ja da baya, ka sa su tsakiya, daga baya ka yanke gefen.
3. A Lightroom na waya, shiga Optics ka kunna Remove Chromatic Aberration, layin launin nan zai ragu sosai.
4. A Snapseed, Perspective na miƙe gini, Vignette kuma na haska kusurwa in ka ƙara Outer Brightness. Kyauta ne.

Za ka ce ai waya mai tsada ta fi. Ƙwarai, gilashinta ya fi kyau, amma ita ma tana faɗaɗa fuska a 0.5x. Abin da gyara ba zai iya ba shi ne gilashin da ya karce ko ya tsage. Wannan kam sai wajen mai gyara.

Gwada waɗannan huɗun a yau, kafin ka taɓa kuɗinka.