Rowa ko tattali? Kukan magoya baya idan kasuwar ƴan ƙwallo ta ci

Daga watan Yuni zuwa tsakiyar Agusta, lokacin da manoman jihar Tawa ke duban gabas suna jiran hadari, gidajen kallon ƙwallo na Birnin Ƙonni, da Malbaza, da Galmi, da Badagishiri, da Illela sukan yi tsit, saboda ƙungiyoyin Turai suna hutu. Amma gardama ba ta hutu. Tashi take yi daga gaban talabijin ta koma fada, da teburin mai shayi, da tashar mota, har da inuwar da ma'aikata ke fakewa kafin a buɗe ofis. A watannin nan ne kasuwar ƴan wasa ke ci, kuma kuka ɗaya ake ji a bakin magoya baya: maƙwabta suna saye, tamu ta naɗe hannu, mai ƙungiya marowaci ne.

Abin lura shi ne, da yawa daga masu wannan kuka ƴan kasuwa ne, mutanen da ba su sakin dala ɗaya sai sun juya ta sau bakwai. Wanda ya wuni yana jayayya a kan jika guda a cinikin buhun albasa, da maraice shi ne zai buga tebur yana neman wani Ba'amurke da bai taɓa gani ba ya zuba miliyar hamsin a kan ɗan wasan gaba. Wannan ba abin dariya ba ne kawai, domin a wasu shekarun mai kukan yana da gaskiya, a wasu kuma mai ƙungiyar ne ke da ita, kuma rarrabe su yana buƙatar a duba littafin lissafi, ba teburin maki kaɗai ba.

Babu ƙungiyar da ta ɗanɗana wa magoya bayanta na ƙasar Hausa wannan ɗaci kamar Arsenal. Ƙaunarta ta shigo yankin da ƙarfi bayan Nwankwo Kanu ya koma can a 1999, ta ƙara kafuwa a kakar 2003 zuwa 2004, sa'ad da ƙungiyar ta buga wasa 38 na gasar Ingila ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Sai a 2006 ta bar tsohon filinta na Highbury mai ɗaukar mutum kimanin 38.000, ta tare a sabon filin Emirates mai ɗaukar 60.000, aikin da ya ci wajen fam miliyan 390, mafi yawansu bashi. Tun daga nan kowane hutun kaka ya zama zaman makoki. Thierry Henry ya tafi Barcelona a 2007. Emmanuel Adebayor ɗan Togo da Kolo Touré ɗan Kodibuwa suka tafi Manchester City a 2009. A Agustan 2011 Cesc Fàbregas da Samir Nasri suka bi sahu, kuma ranar 28 ga watan Manchester United ta lallasa Arsenal da ci 8 da 2. Cikin kwana uku da suka rage kafin a rufe kasuwa aka yi ta saye a gaggauce, kamar mai sayen rago ranar jajiberin Layya; a cikin waɗanda aka kwaso a lokacin har da Mikel Arteta, wanda daga baya, a 2019, aka damƙa wa horar da ƙungiyar. A 2012 kuma aka sayar wa United ɗin da Robin van Persie, ya je ya ci ƙwallo 26, ya ɗaukar mata kofin 2013.

Duk wanda ya zauna a gidan kallo a shekarun nan ya san irin ba'ar da magoya bayan Arsenal suka sha, ana ce musu ƴan makaranta, masu raino wani ya aura. To amma ɗan kasuwar da ya taɓa gina shago da kuɗin banki ya san abin da Arsène Wenger ke ciki. Mai bashi ba ya cin kasuwa yadda ya so, sai yadda wa'adi ya so. Wenger ya riƙe ƙungiyar cikin huɗun farko kowace shekara, ta riƙa shiga gasar zakarun Turai, kuɗin gasar na biyan bulo da ƙarfe. A wannan zango, tattali ne, ko da yake tattali mai zafi: shekara tara ba kofi, daga 2005 har zuwa watan Mayun 2014 da aka doke Hull City a wasan ƙarshe na kofin FA.

Shekarar 2015 kuwa wata magana ce daban, kuma a kanta ya kamata mai karatu ya tsaya. A lokacin nauyin bashin ya yi sauƙi. Shekara biyu kafin nan ƙungiyar ta nuna tana da hali, da ta sayi Mesut Özil daga Real Madrid a kan fam miliyan 42 da rabi, wato kusan miliyar 33 na sefa. Lissafin da ta fitar da kanta a 2015 ya nuna sama da fam miliyan 200 a ajiye. Amma a hutun kakar nan gaba ɗaya, babban ɗan wasa ɗaya tak ta saya, mai tsaron gida Petr Čech. Ba ɗan baya, ba ɗan tsakiya, ba ɗan gaba. Kuma a kakar ce Chelsea ta rushe, United da City suka yi ta tuntuɓe, ƙofa ta buɗe yadda ba ta taɓa buɗewa ba. Leicester ta shige ta ɗauki kofin da maki 81, Arsenal ta zo ta biyu da 71, alhali ta doke Leicester ɗin gida da waje. A nan kukan magoya baya ba son zuciya ba ne.

Manomin Galmi zai fi kowa gane wannan. Yakan zuba albasa a rudu bayan girbi, ya ƙi sayarwa da arha, ya jira watannin da za ta yi tsada. Hikima ce. Amma ya kuma san albasa tana ruɓewa a ajiye, kuma wanda ya wuce lokaci sai ya buɗe rudu ya tarar da rabi ya zama ruwa. Kuɗi suna jira a banki, ƙafar ɗan wasa ba ta jira. Özil da Alexis Sánchez suna kan ganiyarsu a 2015. Shekarar da aka ƙi kawo musu mataimaki ta wuce, kuma babu bankin da ke mayar da ita. Aliko Dangote, wanda shi ma mai goyon bayan Arsenal ne, ya sha faɗa tun wajen wannan shekara cewa yana son sayen ƙungiyar daga hannun Stan Kroenke, abin da ya riƙa sanyaya zukata a Kano da Maraɗi da Ƙonni, har a 2024 ya ce lokacin ya wuce, farashin ya yi nisa, matatar man fetur ta cinye kuɗin.

Wannan hali na Kroenke da ire-irensa yana da tushe a Amurka, inda mai ƙungiya ke kallonta kamar kanti. A can ne ma wannan kuka ya fi tsufa, musamman a wasan besbol, ƙwallon da ake bugawa da kulki, wanda hutunsa ke faɗowa a lokacin sanyi. A gasar besbol ba a ƙayyade iyakar albashi ba, sai dai ƙungiyar da ta haura wani adadi takan biya tara. Saboda haka kowace shekara ana ganin masu hali suna kwasa, sauran suna kallo. Dodgers ta Los Angeles ta ba Shohei Ohtani ɗan Japan yarjejeniyar dalar Amurka miliyan 700 a Disamban 2023, sama da miliyar 400 na sefa, ta kuma ɗauki kofi a 2024 da 2025. A Pittsburgh kuwa, a shekarun nan biyu, magoya baya sun yi ta ihu a fili suna neman mai ƙungiyar ya sayar ya ba su wuri.

Labarin John Henry ya fi koyarwa, domin mutum ɗaya ne da ƙungiya biyu: Red Sox ta besbol a Boston, da Liverpool da ya saya a 2010. A hutun 2019, bayan Liverpool ta ci kofin zakarun Turai, kusan ba ta sayi kowa ba sai yara da mai tsaron gida na ko-ta-kwana. Aka yi gunaguni, sai ga shi a 2020 ta ɗauki kofin Ingila, na farko cikin shekara 30. A Fabrairun 2020 ɗin kuma, don gudun tarar albashi, Red Sox ta miƙa wa Dodgers gwarzonta Mookie Betts. A shekarar Betts ya ci kofi da sabuwar ƙungiyarsa, Red Sox ta ƙare a ƙasan rukuninta. Hannu ɗaya ne ya tsuke jaka a wuri biyu. A Liverpool ƙungiya ta riga ta cika, ƙari ba dole ba ne. A Boston ginshiƙin ɗaki aka zare.

Masu cewa a zuba kuɗi ko ta halin ƙaƙa su ma suna da nasu abin kunya. Barcelona ta karɓi yuro miliyan 222 na Neymar a 2017, ta watsa su da ƙari a kan Dembélé da Coutinho da Griezmann, magoya baya suna tafi. A Agustan 2021 shugabanta Joan Laporta ya bayyana bashin yuro miliyar 1,35, Messi kuma ya fita yana hawaye. Leicester ɗin da ta kunyata manya kuwa, N'Golo Kanté da ta ɗauko daga Caen bai kai fam miliyan 6 ba.

Duk wannan hayaniya a kan dukiyar wasu ake yin ta, a birane masu nisa, kuma ɗan Ƙonni da ke biyan ƴan dalolinsa a ƙofar gidan kallo ba shi da ƙuri'a a Landan. Idan aka juyo gida sai a tarar da abin da ya fi rowa ciwo, wato rashin wanda za a zarga da ita. A gasar ƙwallon ƙafa ta Nijar, Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofi a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984, kuma daga nan har 2025 kofin bai sake kwana a wajen Yamai ba. Jihar Tawa ba ta taɓa ganinsa ba. A duba masu ɗauka: AS Douanes a 2013 da 2015, AS GNN a 2014, AS FAN a 2016 da 2017, AS SONIDEP a 2018 da 2019, ƙungiyar jandarma a 2021, NIGELEC a 2022. Duwan, da sojoji, da kamfanin mai, da kamfanin lantarki. Ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar a fassara masa wannan jeri: ƙungiyar da ke da layi a kasafin wata hukuma ita ke iya yi wa yaro alkawarin albashi, wani lokaci har da kaki, kuma yaron da ya iya taka leda a Dogarawa ko Tsarnawa can zai nufa. Da irin wannan gata ne Moussa Maazou ya tashi daga AS FAN zuwa Lokeren ta Beljik a 2008, da shi ne kuma ƙungiyar jandarma ta kai zagayen rukuni na kofin Confédération na Afirka a 2022.

Ba za a ce yankin Ƙonni da Malbaza da Illela ya rasa dukiya ba. Ga siminti a Malbaza, ga albasar Galmi da ake lodi zuwa Abijan da Akara, ga fadamar Ƙonni, ga kasuwar Badagishiri, ga kan iyaka da Sakkwato, duk da cewa rufe ta da aka yi a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karya jarin mutane da dama. Ba kuma za a ce attajiran yankin ba su buɗe aljihu don wasa ba. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a garin Tawa a 1975, duk wanda ya shiga fage ya ga yadda ake yi wa ɗan kokowa kari, mai sanarwa yana kiran sunan mai kyauta da adadin jikkunan da ya bayar, jama'a na sowa. Kyauta ce ta yini ɗaya, kuma a bainar jama'a. Ƙungiyar ƙwallo kuwa ciyarwa take so ta wata goma, mafi yawanta a ɓoye: albashin mai horarwa, takalma, magani idan yaro ya karye, da man motar da za ta kai ƴan wasa Yamai, tafiyar sama da kilomita 400, ta dawo da su. Babu maroƙin da ke kiran sunan wanda ya biya kuɗin gazuwal.

Kroenke dai daga baya ya saki hannu. A 2023 Arsenal ta biya fam miliyan 105 a kan Declan Rice, ta kuma zo ta biyu sau uku a jere, a 2023, da 2024, da 2025. A fadojin Ƙonni sai kukan ya sauya salo: a farkon Fabrairun 2025, da aka rufe kasuwar tsakiyar kaka ba a sayi kowa ba alhali Gabriel Jesus da Bukayo Saka suna jinya, kalmar marowaci ta dawo bakin mutane kamar ba a taɓa sayen Rice ba.