Mu san icce kahin mu sara

Lokacin sassabe ya yi, ko'ina na bi cikin karkara sai in iske gatari da wuta. To, ni ga ra'ayina: wanda ya share gonarshi tas kamar hilin idi, ya buɗe ma iska ƙohwa. Hatsi ya tsiro, iska ta taso, rairai ya bizne shi, sai an sake shibka sau biyu ko ukku. Asarar iri, asarar lokaci.

Da hwarko, mu san icce kahin mu sara. Sabara ganyenta ƙanana ne masu launin toka, hurenta rawaya ne a dunƙule, ƴaƴanta suna da gashi. Kalgo ganyenshi tsage biyu kamar sawun raƙumi, bisashe suna cin ƴaƴanshi. Gawo kuwa da damana yake kaɗe ganye, inuwarshi ba ta ɓata hatsi.

Ga yadda ake gyara. A kowane gindi, zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarhi, miƙaƙƙu. Sare sauran. Waɗanda ka bari, rage musu ƙananan rassan gehe daga ƙasa har rabin tsawonsu, kada ka taɓa kai. Gatari ya zama da kaihi, a sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ɗaura jan tsumma, mai wucewa ya san iccen yana da mai shi. Ganyen a bar shi ƙasa, gara ta maida shi taki. Kowace shekara ka sare reshe guda, ka bar sabon toho ya maye gurbinshi.

Wani zai ce itatuwa suna kiran tsuntsaye, suna tare rana. Gaskiya ne, in an bar su sunka yi duhu. Shi ya sa ake gyara. Wani zai ce yana tsoron malaman daji. To, tun 2020 akwai dokar da ta ba manomi iko bisa iccen da ya raina cikin gonarshi.

Wannan sassaben zamani manoman jihar Maradi sunka hwara shi wajen 1984, lokacin hwari, har ya kai hekta miliyon 5 cikin ƙasarmu. Ba dashe, ba ban ruwa, ba dala guda. Mata sun samu iccen wuta kusa da gida.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinshi. Bana kowa ya gwada ko da gindi 20 ne. Allah ya ba mu damana mai albarka.